Igiya ta Uku

Matashin soja ne, gemu bai gama fito masa ba, yana tsaye a rumfar tela cikin kasuwa. Tela na ɗinka masa igiya ta uku a hannun kaki, shi da bara war haka ɗaya gare shi. Gobe, in ji shi, zai ba da oda ga mutanen da suka girme shi, har da kofur ɗin da ya koya masa riƙon bindiga. Ƙirji a buɗe, amma yatsunsa sai murza hula suke yi.

Ya sassauta murya. "Baba, ba dabarar da za ta sa ta ɗan koɗe kafin safiya?"

Tela ya ciji zare, ya miƙa masa rigar. "Saje, ni ɗinki na iya. Wannan aikin rana ne da ruwan sama."