Abin da Mwadkon Yake Nema a Duwatsun Shere

Mwadkon mai gyaran risho ne a bakin tashar Laranto. Shekararsa sittin da huɗu, gwiwar hagu ta fara ƙi, amma duk Asabar sai ya rufe rumfa ya kama hanyar duwatsun Shere.

Abin ya faro ne a daminar 1998. Shi da ƙanensa Datong sun hau neman zuma, da tsakar rana hazo ya rufe su. Da ya ɗan yaye, sai ga wani abu tsaye a bakin kogo, ya fi mutum tsayi, jikinsa duk jan gashi. Abin bai gudu ba. Kallonsu ya yi kamar wanda aka shigo wa gida ba sallama, sannan ya juya ya shige.

"Yaya, wannan ba biri ba ne," in ji Datong. Ya ajiye gwangwanin zuma ya bi shi.

Mwadkon bai bi ba. Har yau in ya zo nan a labarin sai ya sunkuyar da kai. Kwana uku ana nema kafin a tsinci Datong zaune a gefen wani tsohon ramin kuza, ko ƙwarzane babu a jikinsa. Ya ƙara shekara biyu a duniya, yana cin abinci, yana zuwa coci, amma bai sake furta kalma ba.

Wani oga daga Rayfield ya taɓa bin Mwadkon da kyamarori. Bayan mako biyu ya ce gwaggon biri ne kawai.

"Oga, gwaggon biri na sha korarsa a gonar masara," Mwadkon ya ce. "Wannan idon mutum gare shi."

Matarsa Loyis ta gaji da hana shi hawa duwatsun. Sau ɗaya ta tambaya, "Baban Ana, in ka sami abin nan me za ka yi?"

"Zan tambaye shi me ya nuna wa Datong."

Bara ya bar ƙullin gishiri a bakin kogon. Da ya koma, gishirin babu. A wurin an tara ɗinya nunanna, an tsinke wa kowacce tsinkenta, an rufe da ganye. Ya daɗe tsaye yana kira, ba amsa. Ya kwaso ɗinyar a hula ya kawo gida. Loyis ta leƙa, ta ɗauka da tsumma, ta kai bayan gida ta binne.