Ruhewar Kakanmu da Buhunan Simintina

Akwai abin da na aikata da hannuna wanda ba zan manta ba har ranar da za a kai ni makwancina, kuma da da hali da ban yi shi ba. Ni ne na kayar da ruhewar kakanmu.

Gidanmu na gado yana wani ƙauye kusa da Kore Mairuwa. Zaure ne da ɗakunan laka da tsohuwar maƙera, a tsakiya kuma ga ruhewa, wato babban rumbun laka, wadda ta girmi mahaifinmu. Yayata, da mijinta ya rasu, ita ke zaune a gidan. Ni kuwa na yi shekaru a Ikko ina leburanci wurin magina, na dawo ina jin babu wanda ya kai ni sanin gini. Da na ga kowace bazara sai an sake yaɓe, sai na sayo siminti na shafe ruhewar kaf.

Yaya ta ce, "Laka numfashi takai. In ka toshe mata hanci, mutuwa za ta yi."

Dariya na yi mata. Allah ya yafe mini. Damina biyu, ruwa ya sami tsaga ya shiga, ya rasa mafita, ya cinye lakar daga ciki. Wata safiya ta zube da hatsinta, waje sumul, ciki kunu.

Ana nan sai ga mutanen ofishin al'adu daga Yamai, suna neman tsohon gida da za a mayar gidan tarihi. Shugabarsu ta zagaya ko'ina, ta tsaya kan ɓaraguzan, ta ce ba tare da ruhewa ba gidan nan kamar kowane gida ne. Za su dawo bayan ruwan shuka. In sun tarar da ita tsaye, ginin da, babu siminti babu ƙusa, za su rubuta shi. In ba haka ba, na san sauran. 'Ya'yan 'yan'uwanmu sun riga sun shirya sayar wa wani ɗan kasuwa filin, a kwashe Yaya zuwa Dogondutsi.

Maginan ruhewa duk sun ƙare a yankinmu. Ni kaɗai na rage cikin waɗanda suka taɓa miƙa wa mahaifinmu laka yana gini.

"To, Sarkin Siminti," in ji Yaya, "hannun da ya karya, shi ka ɗori."

Muka haƙo ƙasar suri, muka cuɗa ta da ciyawa da ƙafa, muka bar ta ta yi kwanaki har ta fara wari. Na jera duwatsu, na ɗora gindi. Ruhewa zobe-zobe ake ɗaga ta, zobe ɗaya a yini, sai ya sha rana a ɗora wani. Da na ga gajimare ya fara taruwa gabas, na saci zobe biyu rana ɗaya. Kafin la'asar gefe ya lotsa.

Yaya ta buga sanda ƙasa. "Kai dai furfura ta banza! Wa ka korar ka?"

Na rushe, na sake. Ganin tsoho kan tsani, maƙwabta suka fito gayya, har matasan da ke cewa gidan na 'yan bori ne suka zo ɗibar ruwa. Muka kifa mata jinka ranar Laraba, Juma'a da hantsi ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Ina zaure, na kasa leƙawa. Guɗar Yaya na ji, guɗar da ban ji ba tun tana budurwa. Na fita cikin taɓo, ga ruhewar nan tsaye, ruwa na zuba daga jinkarta, jikinta ko ɗigo.

Da shugabar ta dawo, ta ƙwanƙwasa bangon da yatsa, ta ce, "Baba, wa ya gina?" Yaya ta riga ni: "Wanda ya kashe ta."

An kafa allo a ƙofar gida. Yau 'yan lakwal, wato 'yan makaranta, da baƙi na zuwa kallo, ni nake zagayawa da su. Yaya kuwa a ɗakin da aka haife ta ta cika.

Roƙona gare ku, kada ku yi irin nawa. In tsofaffi sun bar muku abu, kafin ku ce za ku gyara, ku nemi wanda ya rage cikinsu ku tambaye shi dalili, tun yana da bakin amsawa.