Direban da Ya Daina Cin Yaji

Wata rana wata mata mai suna Lantana ta lura mijinta ya daina cin yaji.

Direban babbar mota ne, mutumin da a da ba ya taɓa tuwo sai an ajiye masa yaji a gefe. Yanzu sai ya ture shi, yana tauna ta ɓari guda, a hankali.

Da ta tambaya, ya ce zafi ne ya fito masa a baki. Ya sha jiƙe-jiƙe iri-iri, amma gyambon da ke gefen harshensa bai tafi ba.

Tun yana yaron mota ya saba cusa garin taba a ƙasan leɓe, don kada barci ya sace shi a hanya. Sigari kuwa ba a magana.

Hankalin Lantana ya ƙi kwanciya. Tana amarya ta yi jinyar surukinta. Shi ma da ɗan gyambo ya fara, aka ce sammu ne. Ita ta riƙa ba shi kunu da cokali, har ya kasa haɗiya.

Da safe mijin ya ɗauki jaka zai tafi Legas, ta tsaya a bakin ƙofa.

"Maigida, haka na Baba ya fara."



"Na sani, Lantana. Tsoro nake ji in je su ce shi ne."

"In shi ne, gara mu ji tare, tun da sauran lokaci."

Ya ajiye jakar.

A asibiti aka tabbatar shi ne ɗin: ciwon dajin baki. Likita ta ce taba ce babban mafari, kuma wanda aka taɓa yi a gidansu ya fi kamata ya kula. Amma sun zo da wuri.

Aka yanke ɗan ɓangaren harshen. Maganarsa ta karkace, har ya riƙa jin kunyar yin sallama. Kullum Lantana takan zauna kusa da shi, yana maimaita kalmomi kamar ɗan koyo.

Ranar da ya ja ta sallah ya karanta Fatiha ba gargada, kuka ya hana ta cewa amin.

Darasi: Gyambon baki da ya ƙi warkewa ba na jira ba ne, a kai shi asibiti. Gadon gida ba mu muka zaɓa ba, amma taba mu muke kai ta baki.

Tura wa wanda kake so ya daɗe yana amsa sallamarka.