Dutsen da Ba a Taɓawa

Na manta abubuwa da yawa a ƙasar nan ta Amurka, wasu ma da gangan, amma tafiyar da na yi da 'yata zuwa wani dutse a hamadar New Mexico ba za ta taɓa fita raina ba.

Lokacin ina tuƙin motar kai kaya, ina zaune ni kaɗai a Greenbelt. Tun da muka rabu da uwarta yarinyar ta ɗauke ƙafa, wai bakina ba ya faɗin alheri. Ba ta yi ƙarya ba. Kwatsam sai ga ta daga jami'arsu ta College Park, wai in raka ta ganin dutse. Sharaɗi ɗaya ta kafa: "Baba, in ka yi mita ko sau ɗaya, ba zan sake nemanka ba." Na san ta, in ta faɗa ta gama.

Tafiyar marasa kuɗi ce: bas, kwana a tanti, sauran a ƙafa. Ni da na baro ƙauye don in daina kwana a ƙasa, ga ni a Amurka ina biya in kwanta kan tsakuwa. Na haɗiye. Ita 'yar jaka ta goya a baya. Ni kuwa jakar Gana-mas-go na cika da garin kwaki, ƙuli-ƙuli, tukunya, buta da bargo, don mu ba ma tafiya ba guzuri. Kafin rana ta take hannun jakata ya tsinke, na ɗora ta a ka. Turawa na wuce mu suna murmushi. Wannan ma na haɗiye.

Da muka hango dutsen, tsaye shi kaɗai a tsakiyar fili, sai na ƙudurta zan hau ko kaɗan, in ɓallo ɗan guntu na tsaraba. Wa zai yarda ka je in ka dawo ba komai? A bakin hanya muka tarar da wata tsohuwa cikin mutanen asalin wurin tana sayar da sarƙoƙin wuya. Ta ce nan ne iyakarmu. Dutsen mai tsarki ne a wurinsu tun kakanni, ba a hawa, ba a ɗaukar ko yashinsa.

Wallahi maganar ta zo mini har leɓe: duk wahalar nan don a kalli dutse daga nesa? A Zariya kyauta muke hawa! Na juyo zan sake ta, sai na ga yarinyar ba dutsen take kallo ba, bakina take kallo. Ta riga ta ɗaure fuska kamar mai jiran mari.

Na sauke kayan, na zauna a kai. Ita ma ta zauna. Muka daɗe a haka, iska na kaɗawa, inuwar dutsen na matsowa. Can ta ce, "Baba, lafiyarka kuwa? Ko in kira asibiti?"

Na ce, "Ke, rufa mini baki, kallo nake."

Ta fashe da dariya har da hawaye, ta jingina kanta a kafaɗata. Rabona da haka tun tana firamare.

Har yau ban ga abin da ke jikin dutsen nan ba, wuyana ma bai koma daidai ba. Amma yarinyar takan zo yanzu, ta ci tuwo, ta kushe miyata. A can na gane cewa gaskiyar da nake taƙama da faɗa, nawa kaɗai ta kora daga jikina. Shiru na ɗan lokaci ya dawo mini da 'yata. Da na san yana da arha haka, da tuni na fara.