Bambo Nkhoma, mai kashe wuƙa kafin ya ja da baya

Tun raɓa ba ta bushe ba a filin ƙwallon makarantarmu da ke gindin dutsen Zomba, Bambo Nkhoma ya gama zagaye shi da ƙafa, yana tsince duwatsu da guntayen waya. Sai ya gama yake hawa injin yankan ciyawa, ɗan ƙaramin nan mai kujera, ya saki wuƙaƙen da ke juyawa a ƙarƙashinsa. Haka muka taso muka gan shi, ga shi yanzu ya ajiye aiki.

Yana da wata ɗabi'a da ta ishi kowa. Ba ya ja da baya sai ya kashe wuƙaƙen, ya jira ƙararsu ta mutu, ya waiga, ko da babu kowa a filin sai tsuntsaye.

"Bambo, hawainiya ma ta fi ka sauri," in ji Mbewe, malamin wasanni. "Wa kake tsoron yankawa, fara?"

"Wuƙa ba ta da ido, ɗana," in ji shi. "Idona take ara."

Wata damina, ana gobe gasar makarantu, ciyawa ta kai gwiwa, kowa sai azalzalarsa yake. Nachisale, mai suyar mandasi, wato fanken garinmu, a bakin fili, ta zaunar da 'yarta Tamanda a kan zane ta juya ga kasko. Yarinyar ba ta daɗe da fara rarrafe ba, ta sulale ta shige ciyawa. Uwar na waigowa ta ga zane wayam, ga ciyawa na motsi a bayan injin, ga injin ya tsaya zai ja da baya. Ta ƙwalla ihu, amma wa zai ji ihu cikin wannan rugugi?

Bambo bai ji ba, shi da bakinsa ya faɗa. Hannunsa ne kawai ya yi abin da ya saba. Wuƙaƙe suka yi tsit, ya waiga, sai ga ƙafar Tamanda dab da taya. Ya sauko ya miƙa ta ga uwar, wadda ta zube tana kuka tana dariya.

"Goya ta, 'yata," ya ce. "Ki ba ni mandasi."

Har yau in na tuna sai na sauke ajiyar zuciya. Kai ne, Bambo, mai ido a ƙeya, ka sha tsiyarmu ba ka canja hali ba. Mun gode, Allah ya huta gajiya. Duk wanda aka damƙa wa abu mai kaifi, ya ari halinka, a yi ta ce masa mai nawa.

Jiya a walimar sallama Tamanda ce, ta zama budurwa, ta ja ka filin rawa. Ka gaji ka nemi kujera, ita kuwa tana ta juyi a kan ƙafafunta biyu.