Tayoyin Aro Zuwa Bayan Doguwa

Masana tarihi sun haɗu a kan cewa ranar da ɗan Adam ya gano abu mai zagaye yana gangarawa, ranar ce duniya ta fara tafiya. Dauloli sun tashi a kan wannan sani, waɗansu sun faɗi saboda rashinsa. Na koyar da haka a aji shekara da shekaru, yara suna rubutawa. Abin da masanan ba su faɗa ba, ni ma ban taɓa tambaya ba, shi ne girman da ya kamata abin ya kasance. A hanyar Doguwa aka koya mini, a daminar da ta wuce. Na rubuto wannan ne domin 'yan'uwa na nesa da har yanzu suke tambayata yadda tafiyar ta kasance.

Tiga

Da yamma saƙon ya zo. Yayana Sale, tun da ruwan dam ya cinye garinmu muna yara aka dawo da mu Tiga, bai taɓa sabawa da kamun kifi ba. Da ya yi aure ya yi kudu, ya sami gona a Unguwar Kanya, wani ƙauye a gindin duwatsu bayan Doguwa, ya zauna yana noman masara. Maƙwabcinsa ne ya hau tudun da waya ke kamawa ya kira ni. Ya ce cikin Yaya ya ɗaure, ya kumbura, ko ruwa ya sha sai ya dawo. Mai kemis ya duba ya ce wannan sai asibiti, sai an yi aiki, kuma ba zai iya zaman babur ba. A zo da mota. Nan wayar ta yanke, ba ta sake shiga ba.

Mota ɗaya ce a danginmu, akori-kurar Habu ɗan ƙanwata Ladi, wadda yake kai tumatir kasuwa da ita. Tayoyinta ƙanana ne, rim sha huɗu. Kuma babu wanda bai san rafin Unguwar Kanya ba a gidanmu, domin a zuwanmu na ƙarshe, bikin 'yar Yaya, motar nan ta kwanta a tsakiyarsa da cikinta a kan yashi, sai shanun huɗa ne suka jawo ta. Wancan farkon damina ne. Yanzu kuwa muna tsakiyarta.

Habu ya ce da waɗannan tayoyi iyakarmu bakin rafi, mu tsaya mu yi kallo. Amma akwai Alhaji Isuhu a Ƙafin Maiyaki, a kan hanyarmu, mai irin motar da injinta ya mutu, tana tsaye a kan dogayen tayoyi rim sha shida. Noti shida-shida, daidai da namu.

"Sauya wili huɗu ai aikin shan shayi ne, Kawu," in ji shi.

Kowa ya yarda, har da ni. Yau ma in aka sake jera mini maganar kamar yadda aka jera ta a ranar, zan yarda.

Ana sallame asuba muka fito. Na ɗauka mu biyu ne da katifa. Na tarar da Ladi a gidan gaba ta riga ta zauna. A baya akwai na'ibin limaminmu, da masunta biyu abokan Yaya na ƙuruciya, da mata biyu maƙwabta da ƙwaryar fura a lulluɓe. A wajenmu ba a zuwa ɗauko marar lafiya a ɓoye. Duk wanda ya ji yana da haƙƙin dubiya, kuma ban taɓa ganin mutumin da ya iya ce wa mai dubiya ya sauka ba.

Ƙafin Maiyaki

A Kwanar Ɗangora 'yan sanda suka tare mu, suka ji inda za mu, suka ce Allah ya ba shi lafiya, muka wuce. Rana tana fitowa muna ƙofar gidan Alhaji Isuhu. Ya tafi gona. Aka aika. Da ya dawo muka gaisa, gaisuwa cikakkiya da ba a gutsure ta ga mutumin da aka zo roƙo. Ya ji buƙatarmu bai ko tsaya tunani ba, ya ce a kwance tayoyin. Sai dai ya rantse ba za a taɓa noti ɗaya ba sai mun sha koko da ƙosai.

Kowa ya sauka domin a ɗaga mota. Jak ɗaya ne, motoci biyu, wili takwas. Ana ɗaga ta Alhaji a cire, a tokare da turmi ko bulo, a dawo da jak a ɗaga tamu. Ni da ba ni da ƙarfin murɗa noti sai na tsuguna ina karanta gefen taya, tunda karatu ne sana'ata. Lamba ta farko faɗinta ce, ta biyu tsayin gefenta, ta uku girman ƙarfen da take zaune a kai. Na gwada ta Alhaji da tamu a tsaye, ta fi ta da kusan tafin hannu. Na yi lissafin cewa rabin wannan ne zai ƙaru tsakanin cikin motar da ƙasa, na sanar da jama'a, suka jinjina kai.

A wili na uku noti ɗaya ya ƙi. Tsatsa ta cinye shi. Habu ya hau kan sifana da ƙafa, ta lanƙwashe. Aka nemo mai walda ya gasa notin da wuta, shi ma sai da aka jira ya tayar da janareta. Kafin a ɗaure na ƙarshe inuwa ta dawo gindin bango.

Motar ta tsaya kamar an ƙara mata girma. Habu ya murɗa sitiyari dama da hagu, babu inda ya taɓa. A baya akwai wani ƙarfe da aka taɓa yi wa bodin walda da shi domin ya jure kwandunan tumatir. Ya zura hannu tsakanin ƙarfen da taya, yatsa uku suka shiga. Ya ce ya isa. Ga motar da babu kowa a cikinta, ya isa ɗin.

Muna godiya Alhaji ya riƙe hannuna.

"Malam, tunda Doguwa za ku, ga ɗan taki na ƙanena, buhu goma ne. Ku ajiye masa a shago, a bakin titi yake."

Na dubi Habu, Habu ya dubi ƙasa. Mutumin da ya cire wa motarsa ƙafafu ya ba ka, ya bar ta a kan turmi, da wane baki za ka ce masa a'a? Aka loda taki, aka ɗora katifa a kai, jama'a suka hau kan katifa. Wilinmu huɗu muka bar su can don babu wuri. Safayarmu kaɗai muka riƙe, ƙarama, rim sha huɗu. Babu wanda ya sake zura yatsa.

Tudun Wada

Tun ramin farko muka ji. Wata ƙara ce gajera daga baya, kamar ana jan zarto a kan fata, sai kuma warin roba. Kowane rami sai ta yi. Habu ya rage gudu. Ko bai rage ba injin ya rage masa, domin doguwar taya tana cin ƙarfin mota, hawan da ya saba yi a giya ta uku yanzu sai ta biyu, tana kuka. Baburan acaɓa ɗauke da buhuna suna wuce mu suna ɗaga hannu.

Azahar ta same mu a Tudun Wada. Bayan salla muka kewaye tayar baya ta dama. Ƙarfen ya yi mata zobe, fari-fari, zare ya fara leƙowa. Habu ya ce ko dai a rage kaya, ko a sami mai gyaran bodi ya daki ƙarfen.

Taki amana ne, ba ma da wanda za mu bar wa a garin. Na'ibi ya gane inda maganar ta nufa, ya ce shi bari ya sauka ya biyo motar haya. Masunta suka ce in malami ya sauka su ma sun sauka. Matan suka fara tattara ƙwarya. Sai kowa ya shiga ba kowa haƙuri, kowa yana cewa shi ne ya kamata ya sauka, har aka gama ba wanda ya sauka.

Ladi ba ta fito daga mota ba. Ta leƙo ta taga.

"Yaya Malam, mutum yana can yana jiranku, ku kuna nan kuna auna ƙarfe."

"Inna, in ta fashe a cikin daji fa?" in ji Habu.

"In ta fashe ka ce ta fashe. Yanzu ai ba ta fashe ba, kuma ba ma tafiya."

Mai gyaran bodi ya zo da guduma ya daki ƙarfen iyakar ƙarfinsa, muka sami ƙarin yatsa ɗaya. Muka sayi gasasshiyar masara muka ci a tsaye. Na gwada lambar maƙwabcin Yaya sau da yawa, ba ta shiga.

Dajin Falgore

A bakin daji sojoji suka leƙa bayan mota, ɗayansu ya ce kada mu tsaya a ciki ko don fitsari. Habu ya ce to, ranka ya daɗe. Wanda ya san hanyar ya san dalilin gargaɗin, kuma kowa a motar ya san ta. Na'ibi yana jan carbi.

Mun yi nisa, la'asar ta yi, muka faɗa wani rami da ruwa ya rufe. Tayar ba ta yi ƙara mai yawa ba. Motar ce ta zauna ta gefe ɗaya, Habu ya yi kokawa da sitiyari har ya tsayar da ita a ciyawa. Gefen tayar ya tsage daga sama har ƙasa, tsagar da ba ta karɓar faci.

Jak ya nutse a laka. Dole aka sauke taki buhu-buhu, tsofaffi huɗu muna ɗauka bibbiyu, aka nemo dutse aka tokare. Motoci suna zuwa su rage gudu, su dube mu, su ƙara mai. Ban ga laifinsu ba. Matan suka zauna a bayan buhuna inda ba a hango su daga titi. Muka yi la'asar biyu-biyu, waɗansu na salla waɗansu na kallon daji.

Da aka ɗaura safaya motar ta karkace, dogaye uku da gajera ɗaya, kamar tebur a ofishin hedimasta. Habu ya ce in ya yi gudu a haka zai kashe aksil, ƙarfen da ke juya tayoyin baya. Muka mayar da taki, muka ci gaba da tafiyar keke. Hadari ya haɗo daga gabas.

Doguwa

Da magariba muka shiga, cikin ruwa kamar da bakin ƙwarya. Muka sauke taki a shagon ƙanen Alhaji, ya ƙirga, ya yi godiya, ya tambayi me ya jiƙa biyu daga ciki. Na je tashar 'yan acaɓa na nemi mai kai ni Unguwar Kanya ni kaɗai, ko na ga Yaya da idona. Suka ce ba mai shiga hanyar duwatsu bayan duhu, ko nawa zan bayar. Habu ya ce karkatacciyar mota, ga ruwa, ga rafi a gaba, in muka shiga mu ma sai an zo ɗauko mu.

Malam Yusha'u, wanda muka taɓa koyarwa tare, shi ya sauke mu. Maza a zaure, mata a ciki. Tuwon masara da miyar kuka. Ladi ba ta ci ba.

Da safe aka samo taya ta hannu, rim sha shida, a wajen wani mai faci. Ta sha duniya, amma ta riƙe iska. Babu taki yanzu, yatsa huɗu suna shiga har da saura. Motar ta tafi lafiya lau.

Unguwar Kanya

Tun daga nesa na hango tabarmi a ƙofar gida da maza a zaune. Habu ya kashe mota bai ƙarasa ba. Ladi ta buɗe ƙofa ta sauka ta wuce ciki.

Maƙwabcin da ya kira ni shi ya tarye mu. Ya ce jiya da la'asar Yaya ya cika, an kai shi kafin ruwa ya sauko. Masu dubiya suka zauna a tabarma suka yi ta'aziyya. Furar da aka kawo wa marar lafiya aka dama wa baƙi.

Daga baya na shiga wajen matarsa, Yaya Hajara. Ta ce tun da hantsi ya sa aka fito da shi zaure, aka sa masa rigarsa ta Juma'a, aka ɗaure masa kayansa a leda, don kada mu zo a ɓata mana lokaci. Duk ƙarar babur sai ya ɗaga kai.

"Ya tambaya ko kun taso, Malam. Muka ce ai tun asuba za ku taso. Ya ce to, Habu ba ya wasa da hanya."

Habu yana bakin ƙofa, ya ji. Ya fita ya je ya zauna a cikin mota.

Komawa

Bayan addu'ar uku muka juyo, Ladi ta zauna sai bakwai. A Ƙafin Maiyaki muka mayar wa Alhaji Isuhu wilinsa. Ya yi mana ta'aziyya, ya ƙi yarda a yi maganar tayar da ta tsage, ya ce kada a sake tayar da ita. Notin nan bai yi gardama ba wannan karon, kafin shayi ya huce an gama. Muka iso Tiga da rana tsaka a kan ƙananan tayoyinmu.

Ina godiya ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Ina godiya ga Alhaji Isuhu, da Malam Yusha'u da iyalinsa, da waɗanda suka bar aikinsu suka raka mu, suka ɗauki taki a tsakiyar daji da tsufansu. Babu wanda ya yi abin da ba alheri ba a tafiyar nan, daga farkonta har ƙarshe. Allah ya jiƙan Yaya Sale, ya kyautata tamu bayan tasa.

Da yawa sun tambaye ni ko dogayen tayoyin sun haye rafin. Sun haye. Ashe tun shekara guda kafin zuwanmu aka yi masa gada.