Malama Hanatu da Akuyar Gidan Sahabi

Ga ta nan, ga ta nanku. Ku ce ta zo mu ji ta, ko da yake wannan ba ta Gizo ba ce, mai ita tana nan da ranta.

Shekara talatin Malama Hanatu tana koyar da 'yan aji ɗaya a Bungudu. Kullum ita ke riga kowa zuwa, ta share aji, ta tsaya bakin ƙofa tana gaida yara ɗaya bayan ɗaya. Wanda bai amsa ba, to, ranar sai ta bi shi gida. Abin da ya sa ake mata kallon 'yar leƙen asiri ke nan.

Shekara biyu da suka wuce aka kawo mata Wasila, 'yar farin Ma'u matar Sahabi. Wata uku yarinya ba ta ce uffan ba. Hedimasta ya ce in hutu ya zo a haka, sai dai ta koma gida.

Malama ta yi sallama gidan. Inna Uwani, kakar yarinyar, ta tare ƙofa.

"Mi ya kawo ki? Gwamnati ta aiko ki ƙirga mana 'ya'ya?"

"Inna, ruwa na zo sha."

"Rijiyar makaranta ta ƙafe?"

Malama ta sha ruwan, ta zauna, ta ga abin da ta zo gani. Ma'u na son 'yarta kamar rai, amma kunyar 'yar fari ta hana ta kiran sunanta, balle hira da ita. Malama ba ta ce a bar al'ada ba. Ta raɗa wa Ma'u magana, ta tafi.

Washegari aka ji Ma'u tana tsince wake tana tambayar akuya: "Ke, Ja, yau mi aka koya a makaranta?" Gari ya ɗauka: malamar boko ta yi wa matar Sahabi asiri. Inna Uwani har Tsafe ta aika neman rubutu. Ma'u ta shanye rubutun, ta ci gaba da tambayar akuyarta.

Kwana goma sha biyu, sai Ma'u ta ce, "Ja, ashe ƙafafunki biyar ne?"

Daga bayan rumbu wata 'yar murya ta ce, "Huɗu ne!"

Inna Uwani ta saki ƙwarya.

Malama, ke ce kika san yaro a gida bakinsa ke buɗewa, aji ƙari ne. Aka zarge ki, ba ki tanka ba. Allah Ya saka miki da alheri. Iyaye kuwa, ku yi hira da 'ya'yanku, ko ta bakin akuya ce.

Bana Malama ta yi ritaya, ta koma Sabon Garin Gusau. Wasila tana aji uku, in ta fara surutu sai an ce ta yi shiru. Ma'u har yau ba ta kira sunanta ba. Inna Uwani ta hana a sayar da akuyar.